Muryata a Faifan Landan

Lokacin da kuɗin fetur suka fara shigowa, ƙanena Sule da abokan kiɗansa suka je Legas suka yi waƙoƙi. Tef ɗaya tak suka dawo da shi, na asali, wanda za a kai Landan a buga faifan garmaho da shi. Ni aka ba ajiya, don duk layinmu a Tudun Wada ni kaɗai ke da babbar rakoda.

Sule ya ce, “Yaya, don Allah kada a taɓa.”

Na ce, “Ni za ka koya wa inji?”

Yana fita na ɗora tef, ina cin tuwo ina saurare irin na masana. Sai na danna wani jan maɓalli, na ɗauka na ƙara sauti ne, ashe na ɗaukar magana ne. Da na ji shiru sai na sake shi, na naɗe tef, na ja bakina.

Ranar da fayafayan suka iso aka taru a ƙofar gidanmu, har da mai unguwa. Ana tsakiyar waƙar soyayya kiɗa ya ɗauke, sai ga muryata tangaran: “Ladi, miyar nan ba gishiri.” Turawa ba sa jin Hausa, sun ɗauka baiti ne.

Sule ya daɗe bai gaishe ni ba. Matata Ladi ta fi shi daɗewa. Amma faifai ya sayu, kuma daidai wurin nan mutane ke ta maida allurar garmaho.

Har yau in na shiga kasuwa sai a ce, “Sannu, Alhaji Ba Gishiri.” Ina amsawa kuwa. Cikinsu wa muryarsa ta taɓa zuwa Landan?