Ranar da Na Sace Zanen Angon Jikata

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar jeren jikata Rakiya a unguwar Alabar. Ni aka tura in fara duba ɗakin amarya, don kowa ya san idona ba ya barin komai.

Ina ɗaga labule na gan shi a bango, daidai kan gado. Allo ne cikin gilashi, baƙi da fari, gida-gida, layi na hawa kan layi. Ban yi boko ba, amma na san hatimi in na gan shi. Na zuba masa ido, wallahi sai layukan suka fara motsi. Wa ya riga mu shiga ɗakin yarinyar nan? Me ake son ɗaure mata, haihuwa ko hankali?

Na karanta duk abin da na iya (har addu'ar cin abinci ta shigo ciki), na rufe shi da mayafina, na fice ta ƙofar baya. A tasi na ɗora shi kan cinya, ina jin kamar yana ɗumi. Direba ya ce, "Maame, lafiya?" Na ce ya kalli hanyarsa.

A unguwar Aboabo na dire shi gaban Malam Isa, malaminmu tun mijina na da rai. Na ce, "Malam, a karya shi kafin a kai yarinya."

Ya buɗe, ya juya shi sama da ƙasa. Sai ya nuna bayana. Na waiga, ga irinsa rataye a bangon zauren!

"Hajiya, angon naku ne ya zana mini. Aikin da ya karanta ke nan. Ko harafi ɗaya kin gani a ciki?"

Da na koma, gida ya hargitse, ana neman ɓarawon zanen da ango ya yi wa amaryarsa. Na shiga rungume da shi, kaina ba mayafi. Uwar ango ta dafa ƙirji: "Ei, Hajiya! Ke ce?"

Na ce ƙura na kai a goge. Sai Rakiya ta tura fuska cikin zani, kafaɗunta na rawa don dariya.

Yanzu in na ga abin da ban gane ba, tambaya nake fara yi kafin in tsai da tasi. Amma har gobe in na je ɗakinta, baya nake ba wa bangon nan.