Yadda Na Yi Kyautar Gidan da Ban Riga Na Saya Ba

Jama'a, ranar Asabar da ta wuce na yi kyautar gida. Gida sukutum, ɗaki biyu da falo da baranda mai kallon teku. Ni ɗin nan Baballe, mai gyaran injin sanyi a kamfanin gas, wanda ko tumatir zai saya sai ya nemi ragi. Kada ku yi saurin sa mini albarka, domin gidan ban riga na biya ba, kuma uwargida Sauda har yau da ka take amsa gaisuwata.

Bari in ɗauko muku daga tushe. Mu da muke aiki a Doha kowa ya san zaman kwantiragi muke yi. Ranar da kafil, wato wanda takardun zamanka ke rataye a wuyansa, ya ce maka khalas, wato an gama, sai ka fara neman kwalin ɗaure kaya. Shi ya sa ni da Sauda muka yi shekaru muna matse bakin aljihu. Ni na haƙura da canza mota, ita kuma bayan ta taso daga koyarwa sai ta hau yin dambun nama tana sayar wa 'yan gida masu kewar Kano. Burinmu guda ɗaya ne tak: mu sayi ɗan gida mu zuba 'yan haya, ko gobe aka sallame ni, kuɗin haya ya riƙe karatun 'yarmu Ikhlas, wadda ta rantse sai ta zama likitar haƙori.

Gidajen tsakiyar gari ba a maganarsu, in za a faɗa maka farashi sai an fara ba ka kujera. Ana nan sai Abass dillali, wani ɗan zangon Kumasi mai baki kamar rediyo, ya kira ni ya ce ya samo mana daidai ƙarfinmu. Can ne bayan gari, inda gine-gine suka ƙare sai rairayi, a bakin wani lungun teku da aka yarje wa baƙi su mallaki gida. Ya ce a wannan farashi guda ɗaya ya rage, ranar Asabar mu zo da kafin alƙalami a hannu.

Maƙwabcina na unguwar Mesaimeer, Jonah, shi ya ja mu a motarsa. Mutumin Filato ne, mai gyaran na'urorin asibiti, kuma bai taɓa barin magana ta wuce shi ba. Muna isa muka hau bene na shida, ni da shi muka fara duba gida yadda aka koya mana a gida. Na tambayi Abass ina za a ajiye janareta. Jonah ya tambaya ko an haƙa rijiyar burtsatse. Ni kuma da na leƙa baranda na ga ruwa shimfiɗe iya ganin ido, sai na ce lalle a rage mana kuɗi, don a unguwarmu ta gida, gidan da ke kusa da ruwa shi ne inda ake kwashe katifa da damina.

Abass ya riƙe ƙugu ya ce, "Alaji, ruwan nan shi ake sayarwa fa. Gidan ƙari ne kawai."

Sauda ba ta kula mu ba. Ta shiga kicin ta buɗe famfo ta rufe, ta ƙwanƙwasa bango, ta auna falo da tafin ƙafa, ta dawo fuskarta fal annuri. Ta ce, "Baban Ikhlas, ya yi. Ba shi kuɗinsa mu tafi."

Da na bi maganarta a wannan lokaci, da yau labarin daɗi nake ba ku. Amma ina! Sai tarbiyya ta motsa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ko rumfar kasuwa zai kama sai ya bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya ya gaishe su, ya ga fuskarsu, ya ji irin amsar sallamarsu. Na taho da kwalin dabino musamman saboda haka. Na ce wa Abass ba zan ajiye ko sisi ba sai na gai da mutanen hawan nan.

Ya ce, "Yalla, mu yi sauri, Alaji, nan ba a gaisuwa, sa hannu ake yi."

Na ce a gidanku ke nan.

Na ƙwanƙwasa ƙofar farko, shiru. Ta biyu, shiru. Ta uku ma haka, sai sanyin esi da ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofa yana lasar mini ƙafa. Na ce wa Abass, to su mutanen nan kurame ne? Ya yi dariya ya ce ai babu kowa a ciki, masu su sau ɗaya suke leƙowa a shekara, wani ma tun da ya saya bai taɓa ganin ƙofar ba. Ya rage murya ya ce, "Mutanenku ne fa, Alaji. Manya."

Kai, jama'a, a gaida manyanmu! Ku dubi irin tausayinsu. Sun san asibitin garinmu ba wuta, shi ya sa suka zo nan suka kunna wa kujeru esi dare da rana, don kada a ce duk dukiyar jama'a a cikin zafi take. Ni wallahi abin ya sosa mini rai, amma na haɗiye na nufi ƙofar ƙarshe, wadda ke manne da gidan da za mu saya.

Ita kam aka buɗe. Wani mai tumbi riƙe da wayoyi cike da hannu ya dube ni sama da ƙasa, ya ji na yi sallama da Hausa, ya juya ya ce, "Ranka ya daɗe, ga 'yan ƙasa sun zo gaisuwa." Kafin in ce ba haka ba ne, har an shigar da mu. A kan wata kujera mai kama da gadon amarya, ga Mai Girma Sarkin Yanka Ƙyalle, Garkuwan Alawus, Babban Mai Aza Harsashi na Ƙasa Baki Ɗaya, yana cin inabi da singileti. Kada ku tambaye ni sunansa. Ku dai tuna duk wani harsashin gini da ciyawa ta rufe a garinku, akwai hotonsa a wajen yana riƙe da cebur.

Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba. Shekara da shekaru ina zaginsa a cikin mota, amma da na gan shi ido da ido sai ga bakina yana cewa, "Allah ya ja zamanin Mai Girma, an zo lafiya, ya gajiyar hidimar jama'a?" Jonah ma da ke cika baki a hanya, hula ya cire ya riƙe da hannu biyu.

Mai Girma ya ce gajiya kam akwai ta. Ya jagoranci tawaga ne suka zo ƙaro ilimi a kan yadda ake shan mai ba tare da layi ba. Sun zagaya gidajen mai, sun ga kowa yana zuwa ya sha ya wuce, sun ɗauki hotuna, yanzu saura su koma a kafa kwamiti ya yi nazarin hotunan. Na tuna ƙanina da ya kwana a layi makon jiya har aka sace masa madubin babur, amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe."

Ya ɗauki dabinona ya jefa ɗaya a baki, sannan ya tambayi abin da ya kawo mu wannan nisa. Sauda ta taka mini ƙafa. Ban gane ba. Na zayyana masa komai: gidan da ke jikin nasa, arahar da aka yi mana, da cewa shi kaɗai ya rage.

Ya ce, "Ashe na kusa da ni sayarwa ake yi? Mu gani mana."

Ya zura riga muka rankaya. Ya shiga falo ya tsaya, ya fita baranda ya shaƙi iska, ya shafa bangon da ya raba gidan da nasa ya ce, "Kai, wuri ya yi kyau. Da za a fasa nan, da falona ya samu sarari. Ka iya zaɓe, malam."

To, ku da kuka tashi inda na tashi, ku faɗa mini tsakani da Allah, idan babba ya yaba abinka me ake cewa? Ko hula ce a kanka wani ya ce ta yi kyau, ai cewa kake yi ga ta. Shi kuma ya ce a'a, Allah ya sa albarka, ta fi dacewa da kai. Kowa ya fita kunyar kowa, hula tana nan a kan mai ita. Haka aka yi mu, haka muka ga ana yi. Saboda haka na sunkuyar da kai na ce, "Ai in Mai Girma yana so, sai in bar masa."

Na tsaya ina jiran "a'a, Allah ya sa albarka."

Ya ce, "Madalla! Ka ga ɗan halak. Na gode ƙwarai." Ya juya wajen mai tumbi ya ce, "Ku gama da dillalin nan yanzu."

Jama'a, na buɗe baki in ce wasa nake yi, amma ta yaya za ka ce wa mutum mai wannan jerin sarauta wasa kake masa? Na dubi Abass ko zai cece ni. Ina! Dillali da ya ji ƙamshin wanda ba ya neman ragi, tuni ya manta sunana, yana ta "yalla, yalla" yana share wa mai tumbi tebur da hannun rigarsa. Sauda ce kaɗai ta yi ƙarfin hali ta ce, "Ranka ya daɗe, gidan nan karatun 'yarmu ne." Mai Girma ya yi murmushi irin na hoton kamfe ya ce ilimin 'ya'ya mata yana cikin zuciyarsa, in mun zo gida mu neme shi a ofis. Ya ƙara ɗibar dabino ya shige.

Muka kama hanyar dawowa har muka hango fitilun Doha. Sannan Jonah ya ce, "Maigida, motar nan tawa in wani ya yaba, don Allah ka bar ni in amsa da kaina."

Sauda daga kujerar baya ta ce wa Jonah, "Bar shi, Baban Nanret. Ni godiya nake yi da Mai Girma bai ce girkina ya yi daɗi ba."

Na ce, "Haba Maman Ikhlas, kara ce fa na yi."

Ta ce, "Kara ake yi wa mai kunya. Ka taɓa jin an miƙa wa mutanen nan abu sun ce sun ƙoshi?"

Gaskiya kam ta faɗa. Ni dai na san raina ya ɓaci, kuma kunyar Ikhlas ta fi komai damuna, domin yarinyar har ta gaya wa ƙawayenta babanta zai zama mai gidan haya. Kuɗinmu suna nan ba su yi ciwon kai ba, amma Abass ya ce irin wannan araha sai dai mu ƙara haƙuri, ko mu ƙara nisa. Sauda kuma ta kafa doka: duk gidan da za mu je gani nan gaba, ita da Liatu matar Jonah za su hau, ni a bar ni a mota da gilashi a rufe.

Na ɗauka magana ta ƙare. Shekaranjiya muna cin tuwo sai wayata ta hau ruri. Yayana ne daga gida, murya cike da murna, yana cewa ashe haka Allah ya ɗaukaka ni ban faɗa ba. Kafin in gane kansa, ga kiran kawu, ga na gwaggo, ga na wani da ya ce tare muka yi firamare. Sauda ta lalubo wani bidiyo da ake ta yaɗawa a wayarta ta ajiye mini kusa da kwanon miya.

Mai Girma ne a filin jirgi, ya sha babbar riga, 'yan jarida sun kewaye shi. Yana bayyana nasarorin tafiyarsa. Ya ce babbar nasarar ita ce ya haɗu da wani ɗan kishin ƙasa mai suna Malam Baballe, wanda ya tara dukiya zai binne ta a ginin ƙasar waje, amma bayan ya yi masa nasiha, nan take ya fasa saye, ya yi alkawarin dawo da kuɗinsa gida. Ya ɗaga yatsa ya ce abin takaici ne yadda wasu ke kwashe arzikin ƙasa suna sayen gidaje a bakin tekun wasu, kuma gwamnati ba za ta lamunta ba. Aka yi ta tafi.

Yanzu haka dangi sun riga sun raba dukiyar da zan dawo da ita. Kawu zai buɗe gidan burodi, gwaggo za ta sauke farali, abokin firamare kuma tirela yake so, ko tsohuwa ce. An kuma aiko mini cewa za a ba ni lambar yabo ta kishin ƙasa a wani babban taro, in zo da kuɗin jirgina da na masauki.

Ni ban ƙi ba. Abu ɗaya kawai nake roƙon masu shirya taron: in an miƙo mini lambar, a riƙe Mai Girma a nesa, kada ya ce ta yi kyau.