Wasiƙar Biza a Kan Sikeli

Shekarar gasar Olamfik, takardun talla suka addabi akwatin wasiƙunmu a Guangzhou, dukkansu da Sinanci aka rubuta su. Na ce wa abokin zamana Habu, "Bar min su, yau zan yi maganinsu."

Na kwashe kaf ban duba ba, na sayar wa wata tsohuwa mai sayen kwali a sikeli, na liƙe akwatin da salatif. Har ƙirji na buga.

Da la'asar Habu ya ce, "Malam, wasiƙar makaranta ta sabunta bizarka fa?"

Awa uku ina tonon kwali, tsohuwa tana min fifita tana kirana "laoban", wato oga. Na samo wasiƙar, alhamdulillahi, da ɗan maiƙo.

Har yau in Habu ya bugo waya: "Laoban bola, nawa kilo?"