Ranar da Na Rasa Dama da Hagu a Hanyar Gwantu

Ko tsufa zai shafe mini komai a kai, ba zan taɓa mantawa da ranar auren Alheri, ƙanwar matata, ba. Har yanzu in na tuna sai in ji gajiyar ranar ta dawo mini a gadon baya.

Ni makanike ne a Kafanchan, kuma gyaran ƙafar mota shi ne abincina. (Ku riƙe wannan, domin shi ya sa abin ya yi ciwo.) Ina da wata tsohuwar jif da nake shiga ƙauyuka da ita in duba motocin masu ɗaukar citta da doya. Da aka sa auren a ƙauyen ango, can bayan Gwantu, a tsakiyar damina, sai dangi suka ce babu motar da za ta iya hanyar sai tawa. Matata Saratu ta riga ta yi gaba. Ni aka bar wa surukata, uwar amarya, da ƙawayenta na zumuntar matan majami'a, da kulolin shinkafa.

Mama, wato surukar tawa, ta zauna a gaba, ita da ƙawayenta sun sha anko. Tun daga Kafanchan take yabona. "Wannan ɗana, ko jirgin sama ya lalace zai gyara," in ji ta. Ni kuwa ina ta murmushi kamar gaske.

Muna barin kwalta muka faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Ƙarau! Motar ta durƙusa, tayar gaba ta ɓangaren direba ta karkace kamar ƙafar da ta gurɗe. Na leƙa na ga lowa am ya rabe biyu, wato ƙarfen nan da ke riƙe taya da jikin mota.

"Baban Blessing, mota ya mutu ne?" Mama ta tambaye ni, da sunan 'yata take kirana.

"Ƙaramin abu ne, Mama. Ku samu inuwa."

Na tsaya a gaban motar ina kallon tayar, na kira Alhaji Sale, wanda na daɗe ina sayen kayan gyara a shagonsa a kasuwar Kafanchan. Na ce ya ba ɗan acaɓa lowa am na dama ya kawo mini da gudu. Ya ce, "Na dama ko?" Na ce, "Haba Alhaji, yau na fara?"

Na tuɓe rigar biki, na sa jak, na kwanta cikin taɓo na fara kwance karyayyen. Notikan sun yi tsatsa, sufana tana zamewa, na fasa yatsa. Rana ta hau, sauro da ƙudaje suka same ni. Saratu tana ta kira: fasto yana tambaya, amarya ta ce ba za ta shiga majami'a ba sai ta ga uwarta. Ni dai amsata ɗaya ce, "Muna hanya." (Ba ƙarya na yi ba. A kan hanyar muke, a kwance.)

Da ɗan acaɓan ya ɓullo da ƙarfen ɗaure a bayansa, matan suka miƙe da guɗa. Wata ta ɗauko waƙar yabo, sauran suka karɓa da tafi. Ban ko tsaya gwada sabon da tsohon ba, na fizge shi na sake shigewa ƙarƙashi.

Ya ƙi zama. Na juya shi, na danna, na buga da guduma. In rami ɗaya ya dace, ɗayan sai ya kalli wani wuri. Waƙar ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, har ta mutu. Ƙafafuwan matan kawai nake gani sun kewaye motar, takalman biki duk sun yi taɓo.

Sai na fito a fusace. Na sake kiran Alhaji, kuma don kowa ya ji ba laifina ba ne, na buɗe lasifikar waya.

"Alhaji, jabun kaya ka aiko mini! Ina da uwar amarya a daji, ka san ko?"

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yi haƙuri. Wace taya ce ta karye?"

"Ta ɓangaren direba."

Ya ce, "To ai hagu ke nan. Da ka ce dama, a ina kake tsaye?"

Na kalli motar. Na kalli inda sawuna yake a gabanta. Damata na faɗa masa, ba damar mota ba. Abin da ake koya wa mutum ran da ya fara shiga gareji, cewa daga kujerar direba ake sanin dama da hagu.

Alhaji ya ƙara da cewa, "Kuma na hagun ya ƙare, sai an kawo daga Kaduna."

Babu wadda ta yi dariya, kuma wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi. Wata tsohuwa ta ɗaga hannayenta biyu tana duba su ɗaya bayan ɗaya, kamar tana so ta tabbatar nata suna nan daidai. Mama ta ciro hankici ta miƙo mini. "Share fuska, ɗana. Ubangiji ya san ka yi ƙoƙari."

Ƙarshenta wata motar doya ce ta kwashe su. Da idona na ga surukata, da ɗaurin kallabinta na uwar amarya, an tura ta sama ta zauna kan kular shinkafa tana riƙe da ƙarfen bodi. Sun isa an gaji da jira, mawaƙa sun maimaita duk waƙoƙin da suka iya, amma dai an ɗaura auren a gabanta.

Ni kuwa na hau bayan acaɓan da karyayyen ƙarfena zuwa Gwantu, mai walda ya liƙa shi, na dawo na ɗaura ni kaɗai, na lallaɓa motar kamar mai ɗauke da ƙwai. Na isa ana naɗe rumfuna. Saratu ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ajiye mini ƙanzon shinkafa, ta ce, "Ci da hannun da ka gane."

Labarin ya riga ni komawa gida. Ran Lahadi a majami'a lokacin sujada, da aka ce waɗanda ke layin dama su fara fitowa da kuɗin baiko na Ubangiji, sai na ga kawunan matan zumunta sun juyo gaba ɗaya suna jiran su ga ko zan tashi.

Abin da na koya bai da yawa. Kowa yana iya yin kuskure. Amma in za ka zargi mutum a waya, ka manna ta a kunnenka, ka yi magana a hankali, domin in amsar ta zo kai kaɗai za ka sha ta.