Ranar da Shamuwa Za Ta Sauka

A wani daji da kogi ya yi wa iyaka ta kudu, Shamuwa ta rasa ƙwai uku a farkon damina, a kan yashin kogin, tana hangen kukar da aka ƙyanƙyashe ta a kai. Ruwan farko ne ya kwashe su. Abin da ya zaunar da ita a yashin kuwa doka ce.

Tun da rani, tana can kudu, majalisar dajin ta zauna kan batun baƙi. Zalɓe, wanda ba ya gusawa daga bakin tafki, shi ya kawo ƙudurin.

"Ranku ya daɗe," in ji shi, "mu muke shan ranin nan, mu muke tonon tsutsa a busasshen taɓo. Da fara ta fito, sai ga wasu daga sama. Ban ce a kori kowa ba. Na ce dai a san wa ya shigo."

Aka amince. Duk wanda ya yi wata uku a waje ya zama baƙo, ba zai sauka a kan bishiyar dajin ba sai da takardar izini. Ofishin takarda zai buɗe ranar farko ta shekara. Aka naɗa Bushiya magatakarda, Shaho mai gadi.

Da hadari ya fara haɗuwa Shamuwa ta iso, cikinta da nauyi. Shaho ya tare ta, ya nuna mata yashi, daura da rumfar Bushiya.

"Baba Bushiya, ni ce fa. 'Yar Gwamma ta kan kuka."

"Na gane ki, 'yata. Ni na tsinci ɓawon ƙwan da kika fito ciki. Amma sai ofis ya buɗe."

"Yaushe ke nan?"

"Ranar farko ta shekara."

"Wace rana ce?"

A dajin nan babu kalanda. Tun kaka da kakanni, shekara tana kamawa ne ranar da shamuwa ta sauka a kan kuka. Ran nan ake fito da iri.

"Ranar da kika sauka," Bushiya ya ce a hankali.

"To, bari in sauka."

"Ba takarda?"

Ta roƙe shi ya kai maganar sama, ya kuwa kai. Zalɓe ya ce shi ba haka yake nufi ba, kowa ma ya ce haka. Gwanki, shugaban majalisa, ya nuna damuwa ƙwarai, ya ce za a gyara sashen a zama na gaba. Majalisa tana hutu sai sabuwar shekara.

Kwana goma sha ɗaya Shamuwa ta jira. Ƙwai ba su san hutu ba. Ta tone yashi da baki kamar kada, ta zuba su, ta kwanta a kai, abin da uwarta ba ta taɓa yi ba. Da ruwan ya wuce, Bushiya ya zo gaɓa yi mata jaje.

"Da kin faki idon Shaho kin sauka," ya ce, "da duk mun huta."

"Gidanmu ne, Baba. Ban so in shiga kamar ɓarauniya ba."

Washegari ta koma kudu, ba ta jira kaka ba.

Yanzu hadari ya sake haɗuwa, Shaho bai ga kowa a sama ba. Kurege bai san ko ya fito da irin gyaɗarsa ba. Bushiya yana zuwa kullum da safe ya share gaban ofis. A takardun majalisa, har yau bara ake ciki.