Igiya Mai Hatimi

Shekarar da Nasara ya sa a haƙa rijiya a Waca, ni aka ɗora kan masu haƙa, kaina ya kumbura har hula ta matse ni. Ran da kumandan, Nasaran da ke mulkin yankinmu, zai zo dubawa, na kalli igiyarmu ta kaba, baƙa ƙirin, na ji kunya. Na sa aka ɗauko daga mangaza, ɗakin ajiyar kayan Nasara, wata sabuwa wadda takardarta ke ɗauke da hatimin bariki.

Sale, ƙanen matata, yana can ƙasa yana haƙa. Ya ɗago murya: "Yaya, an gwada ta kuwa?"

Na ce, "Kai, mai hatimi ce!"

Don in burge kumandan, na ɗaura ta a ƙugu na sauka da kaina. Ashe gara ta gama da cikinta. Ta tsinke, a kan Sale na faɗo. Ni ɗingishi na samu, shi kuwa bai sake ɗaga hannun dama ba.

Har yau, in igiyar guga ta tsinke a Waca, sai mata su waiwayo su ce mini, "Baba, wannan ma mai hatimi ce?"