Cindo a Wurin Wankin Mota

A ƙauyen Tsamiya Babba an yi wani mutum, sunansa Cindo. Gidansa ɗaki biyu ne, shi da matarsa Tabawa da tsohuwarsa Inna. Cindo ba shi da ƙiwa, ba shi da faɗa. Abu ɗaya ne dai: yadda maganarka ta fito daga baki, haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Da Inna ta gaji da ganinsa a gindin bishiya, sai ta kai shi wurin ƙaninta Kawu Nadabo, mai wankin mota a bakin titi.

Wata rana aka kawo wata ƙaramar mota ta sha laka. Kawu ya ce, "Cindo, wanke ta ciki da waje." Cindo ya wanke waje tas, sannan ya buɗe ƙofofi ya sheƙa bokiti bayan bokiti a kan kujeru. Mai motar ya koma gida a zaune kan buhu, wandonsa sharkaf. Kawu ya yi ta ba shi haƙuri har bakin kwana.

Wata rana kuma wata farar mota ta bi sabon titi, kwalta ta fantsama a gefenta. Kawu yana alwala ya ce, "Ɗauki kayan aiki ka je ka cire kwaltar nan." Nufinsa ɗan kananzir da ƙyalle mai laushi. Da ya idar da salla sai ya ji direbobi suna ta oda. Ya leƙa, ga Cindo a tsakiyar titi da diga, gumi na zuba.

"Me kake yi?"

"Kwalta nake cirewa, Kawu. Amma tana da yawa, har Zariya ta kai."

Tun daga nan Kawu ya koyi tauna magana kafin ya furta, sai dai baki yakan riga shi. Wata rana ya nuna wa Cindo kashin tsuntsu a kan wata mota, ya ce, "Ka ga wannan? Cin fenti yake yi." Cindo ya tausaya wa kashin. Da Tabawa ta kawo abincin rana, ya gutsuri tuwo ya ajiye kusa da kashin, ya ce, "Ci wannan, ka ƙyale fentin mutane." Kaji suka hau motar, suka cinye tuwon, suka bar nasu. Ranar har Kawu sai da ya dara.

Wata rana a farkon damina Hajiya Yalwa, mai sayar da atamfa, ta kawo baƙar motarta. Washegari za a ɗauki amaryar ɗanta a ciki. Kawu da kansa ya wanke ta, ya bi jikinta da tafin hannu yana cire duk wani ƙurji na datti, ya shafa man ƙyalli ya goge har mutum na ganin haƙoransa a ƙofa. Da zai tafi kasuwa ya ce, "Cindo, lulluɓe ta sosai. Ko iska kada ta taɓa ta."

Cindo ya rufa tampol, ya tsaya ya duba, ya ga iska na ɗaga gefensa. Ya ruga gida ya kwaso barguna. Bai gamsu ba, ya ɗauko katifarsa da ta Inna, ya aro ta maƙwabta, ya jibga, ya ɗaure da igiya. Mota ta koma kamar rumbu. Masu wucewa suka yi ta dariya.

La'asar na yi hadari ya taso, aka saki ƙanƙara manya kamar ƙwan zabo. Kawu ya dawo a guje. Motocin da ke bakin titi duk sun lotsa, wasu gilashinsu ya tsage. Aka kwance igiya, aka janye jiƙaƙƙun katifu, sai ga motar Hajiya tana walƙiya, ko ƙwarzane babu.

Kawu ya zauna a kan benci, ya sauke numfashi, ya ce, "Cindo, yau ka rufa mini asiri."

Cindo ya ce, "A'a, Kawu, mota na rufe. Amma nuna mini inda asirin yake, akwai sauran bargo ɗaya a gida."